Bayan Katangar Trewyn: Gidan da Barbara Hepworth Ta Sassaƙa

Dutse ba ya shiga kowane ɗaki. Yana son daɓen da zai ɗauki nauyinsa, da ƙofar da zai wuce ta cikinta, da iskar da za ta kwashe ƙurarsa, da maƙwabta masu haƙurin jin guduma tun safe har la'asar. Shi ya sa tarihin masu sassaƙa dutse kan zama tarihin neman wuri, kuma ban san inda wannan ya fito fili kamar gidan tarihin Barbara Hepworth da ke garin St Ives, a yankin Cornwall na kudu maso yammacin Ingila ba. Sunan gidan Trewyn. A nan ta yi aiki daga 1949 har rasuwarta a 1975, kuma ni a wurina gidan da lambunsa aiki ne guda daga cikin ayyukanta, watakila ma shi ne wanda ya fi bayyana sauran.

Kafin ta same shi ta sha matsi. A Landan tana da ɗakin aiki a unguwar Hampstead, inda ta haifi 'yan uku a 1934. A watan Agusta na 1939, ana gab da fara Yaƙin Duniya na Biyu, ita da mijinta mai zane Ben Nicholson suka kwashi yara suka sauka a gidan abokinsu Adrian Stokes a Carbis Bay, kusa da St Ives. Zaman cinkoso ne. Da rana reno da girki da noman kayan miya, da dare sai ta ɗauki fensir ta yi zane, don babu inda za ta ajiye dutse balle ta sare shi. Duk wanda ya dubi ayyukanta na waɗannan shekaru zai ga yadda suka ƙanƙance: 'yan abubuwa na filasta, sai daga baya na itace, da zare a ɗaɗɗaure a cikinsu. Ana yawan yabon zaren nan a matsayin sabuwar dabara, kuma ya cancanci yabo, amma ina ganin ƙuncin ɗaki ma yana da hannu a ciki. Wadda ba ta da sararin faɗaɗa abu ta waje, sai ta koma tana buɗe shi ta ciki.

Trewyn ya zo ne ta hanyar gwanjo a watan Satumba na 1949. Ta sha ba da labarin cewa shekara goma tana wucewa ta gefen doguwar katangar wurin da kayan cefane a hannu, ba ta san akwai ɗaki da tsakar gida da lambu a bayanta ba. Sakamakon bai jima ba. Cikin 1950 da 1951 ta sassaƙa Contrapuntal Forms, siffofi biyu na shuɗin dutsen ƙasar Ailan masu tsayin kusan mita 3, don babban bikin baje kolin Birtaniya na 1951. Daga abin da ake ɗorawa kan tebur zuwa abin da ya fi mutum tsayi nesa ba kusa ba, kuma abin da ya sauya a tsakani shi ne tsakar gida.

Wannan tsakar gidan ita ce inda na fi daɗewa. Ƙarama ce, ba wani ado. Akwai faifai mai juyawa da ake ɗora dutse a kai, akwai dunƙule-dunƙulen farin mabul da ba a kai ga taɓawa ba, wasu kuma an fara an bari. Ta gilashin ɗakin sassaƙa kana hango guduma iri-iri, da kurfi manya da ƙanana, da magagari, da rigunan aiki a rataye. Faifan nan ya koya mini abin da hotuna ba su koya mini ba. Hepworth ba ta aiki da fuska ɗaya. Tana juya dutsen ne, ta sara nan, ta juya, ta duba yadda hasken rana ya faɗa kan inda ta sara. A fili take son yin aiki, ƙarƙashin sama, inda haske ke sauyawa daga hantsi zuwa yamma. Saboda haka ne ayyukanta ba su da gaba ba su da baya, dole ka zagaya su.

Hanyarta ita ce sara kai tsaye. A zamanin da ta yi karatu a Leeds da Landan, abin da aka saba shi ne mai fasaha ya gina siffa da yumɓu, sannan ya miƙa wa ƙwararrun magina su kwaikwaya a dutse. Ita da abokin karatunta Henry Moore suna cikin waɗanda suka ƙi wannan, suka ce hannun da ya yi tunanin shi zai riƙe kurfi. A Rum ta koyi sarar mabul wajen wani gwani mai suna Giovanni Ardini. Ta bayyana cewa hannun hagu, mai riƙe da kurfi, shi ne mai tunani, na dama kuwa aikinsa duka kawai, kuma kunne ma yana aiki: amon dutse yana gaya wa masassaƙi inda akwai rauni a ciki, kamar yadda mai sayen tukunyar ƙasa ke ƙwanƙwasa ta kafin ta biya. Da ka san wannan, sai huda da ta shahara da ita ta ƙara girma a idonka. Tun farkon shekarun 1930 ta fara huda dutse daga gefe zuwa gefe. Huda mabul kasada ce, sara ɗaya marar kyau ya isa ya tsaga aikin watanni. Amma dubi bakin ramukanta: ba a tsaye suke kamar na injin huda ba, suna lanƙwasa a hankali, suna jan haske ciki, wani lokaci ta shafa musu launi don ido ya nutse.

A ɗakin sama, inda ta kwana ta kuma yi aiki, ake ajiye sassaƙe-sassaƙen itace da na dutse. Ɗan Najeriya zai so ya san cewa itacen da ta yi wasu fitattun ayyukanta da shi daga dazuzzukan ƙasarmu ya fito. A 1954, bayan ta dawo daga Girka inda ta je rage baƙin cikin rasuwar ɗanta Paul, wanda ya mutu a hatsarin jirgin sojan sama a 1953, aka sauke mata manyan gumaguman itacen guarea mai ƙamshi, tan 17. Daga cikinsu ta fitar da Corinthos da 'yan uwansa: waje ja-ja-wur yana sheƙi, ciki a rarake an shafa fari. Da a ɗakin Carbis Bay take har lokacin, ko ƙofa gumaguman ba za su shiga ba.

Lambun kuwa ita ta tsara shi tare da ƙawarta Priaulx Rainier, mai tsara kiɗa, haifaffiyar Afirka ta Kudu, kuma yawancin ayyukan suna nan inda ta ajiye su. Hanyoyin sirara ne, suna hawa suna sauka, ba ka ganin komai gaba ɗaya. Ka leƙa ta ramin wani aiki ka ga ganye, ka matsa taku biyu ka ga hasumiyar cocin garin. Aikin Four-Square na 1966 ma shiga cikinsa ake yi a fita.

Sai dai a nan ne ƙorafina na farko yake. Mai son dutse zai tarar lambun na tagulla ne. Daga 1956 ta karkata ga tagulla, don tana jure ruwa da iska, kuma ana iya zuba kwafi da yawa a aika ƙasashe. Na fahimci dalilin, ayyukan ma suna da kwarjini. Amma tagulla daga filasta ake zuba ta a maƙera, a wani gari, da hannun wasu, ko da yake ita takan sassaƙe filastar bayan ta bushe don sawun kurfi ya fito. Akwai aikin 1973 mai suna Conversation with Magic Stones, a cikin gorori; sunansa na duwatsu ne, jikinsa tagulla. Yana da kyau, amma idan na dawo gaban ɗan dutsen da ta sara da hannunta, nakan ji bambanci a fatar abin, wani ɗumi da ƙarfen ba ya da shi.

Na biyu, gidan ya fi ba da labarin mutum ɗaya. Gaskiya ne tunanin nata ne, amma duwatsu masu nauyin tan-tan ba mace ɗaya ko namiji ɗaya ke juya su ba. Denis Mitchell ya yi mata aiki shekara goma, Terry Frost da John Wells sun sa hannu a Contrapuntal Forms, dukansu kuma sun zama sanannun masu fasaha. Na so a ce muryarsu ta fi haka fitowa. Ɗakin sama ma, wanda gobarar 20 ga Mayu 1975 ta yi ajalinta a cikinsa, an gyara shi tas ya zama ɗakin nuni kafin a buɗe gidan ga jama'a a 1976, bisa wasiyyarta. Hukumar Tate ta karɓi riƙonsa a 1980. Ba na ganin laifin iyalinta da suka zaɓi haka. Amma tsabtar tana ɓoye cewa a ɗaki ɗaya gado da kayan aiki suka zauna tare.

Neman wurin ma bai ƙare a Trewyn ba. Da manyan kwangiloli suka fara zuwa, tsakar gidan ta yi mata kaɗan, sai a farkon shekarun 1960 ta sayi Palais de Danse, tsohon gidan silima da rawa da ke tsallaken titi. A can aka shimfiɗa samfurin Single Form, mai tsayin fiye da mita 6, wanda aka kafa a gaban hedikwatar Majalisar Ɗinkin Duniya a New York a 1964 don tunawa da abokinta Dag Hammarskjöld. Iyalinta sun miƙa wa Tate ginin a 2015. Lokacin da na je a rufe yake, kuma wanda bai shiga can ba bai ga inda ta yi manyan ayyukan shekarunta na ƙarshe ba.