Karuwa a Bakin Mawaƙi: Tsokaci Kan Waƙar Mu'azu Haɗeja

Duk ɗalibin da ya ratsa ajin rubutacciyar waƙa ya ci karo da "Waƙar Karuwa" ta Mu'azu Haɗeja, wanda ya rasu a 1958. Mun saba karantar da ita a matsayin waƙar gargaɗi, mu fitar da jigo, mu yaba kaifin harshe da zubin baitoci, mu tashi. Ni ma haka na yi shekara da shekaru, ban taɓa tambayar ajina ko da wa mawaƙin yake magana ba.

Da maza yake. Su ake ja wa kunne, dukiyarsu da mutuncinsu da lahirarsu ake gudun su salwanta. Ita kuwa wadda waƙar ta ci sunanta ba ta da bakin magana a ciki. Ba a tsaya an tambayi abin da ya raba ta da gidan iyaye ko ɗakin miji ba. An siffanta ta tamkar annobar da ta faɗo wa gari, shi kuma mai lallaɓawa wurinta da dare ya zama wanda aka cuta.

To, annoba ba a jin tausayinta, korar ta ake yi. Dattawa sun san yadda a da, in damina ta yi gardama, akan yi shela cewa karuwai su yi aure ko su bar gari. A Nuwamban 2000, lokacin zanga-zangar ƙin bikin nunin tufafi na FIMA a Nijar, gidajen matan nan aka cinna wa wuta a Maraɗi. Can Amurka ma, Gary Ridgway, wanda ya amsa laifin kisan mata 48 a 2003, ya ce ya zaɓi karuwai ne don ya san ba mai saurin cigiyarsu. Sanadiyyar waɗannan matan ne aka keɓe 17 ga Disamba don neman a daina cin zarafin masu wannan sana'a.

Ban ce waƙar ce ta ƙyasta ashana ba. Mu'azu malami ne mai kishin gyaran al'umma, kuma da idon zamaninsa ya duba. Laifin namu ne, manazarta, da muke miƙa wa ɗalibai hoton nan ba tare da mun juya bayansa ba.

Balaraba Ramat Yakubu ta juya shi a Wa Zai Auri Jahila? (1990). An cire Abu daga makaranta, an ɗaura mata aure da tsoho, Sarkin Noma, ta sha azaba a hannunsa, ta gudu birni. Ilimi ne ya tsamo Abu, amma mai karatu ya riga ya ga ƙofar da dubban irinta suke fita ta ciki, ya kuma ga hannun da ya tura su. Bana na haɗa wa ɗalibaina ayyukan biyu a tambaya guda, kuma ɗalibai mata ne suka fi cika takarda.