Waƙar Majami'a a Bakin Bahaushe: Tsakanin Littafi da Tulu

Duk lokacin da manazarta suka zauna rarraba waƙar Hausa, akan ce ga ta baka, ga rubutacciya, a lissafo waƙoƙin fada da na noma da na maza da na sha'awa, sai a wuce. Amma akwai wani rukuni da ba kasafai ake tsayawa a kansa ba, wato waƙoƙin yabon Ubangiji da Hausawa Kirista ke rerawa a majami'unsu. Mu da ke zaune a kudancin Katsina, daga Damari zuwa Faskari da Ƙanƙara har Malumfashi da Kafur, waɗannan waƙoƙi ba baƙi ba ne a kunnenmu, domin maƙwabtanmu ke yin su, da Hausar da muke ciniki da ita a kasuwa ɗaya. Ma'aunina a nan na adabi ne kurum: shin waƙar ta zauna daram a bakin Bahaushe, ko kuwa tana tsaya masa a maƙogwaro?

Kafin a yi hukunci, ya kamata mai karatu ya san tushen abin. A cikin Littafi Mai Tsarki kiɗa da waƙa wani sashe ne na sujada. Littafin Fitowa ya ba da labarin Maryamu, 'yar'uwar Musa, tana jagorantar mata da kiɗa da rawa bayan an haye teku. Littafin Tarihi na Farko ya ce Dawuda ya keɓe mutum 4,000 don yabo da kayan kiɗa, ya kuma ambaci ƙwararrun mawaƙa 288. Ita kuwa Zabura, kundi ce ta waƙoƙi 150, kuma ta ƙarshensu jerin kayan busa da na kaɗawa ce, su ƙaho da molo da sarewa da kuge.

Abin da zai ja hankalin marubuci shi ne ginin waɗannan waƙoƙi. Waƙar Ibrananci ba ta dogara ga amsa-amo ba. Ta dogara ga jera ma'ana biyu kafaɗa da kafaɗa, layi na biyu ya maimaita na farko da wasu kalmomi, ko ya ƙara masa, ko ya kishiyance shi. Wani malamin Ingila, Robert Lowth, ya fayyace wannan tun 1753. Irin wannan ado ba ya zubewa a hanyar fassara, shi ya sa Zabura ta shigo Hausa da kayanta a fassarar 1932 da ta 1979. Alal misali, Zabura ta 136 tana da ayoyi 26, kowace da amshi iri ɗaya a ƙarshenta. Wane Bahaushe ne bai san wannan tsari na jagora da 'yan amshi ba?

Matsalar tana wani wuri daban, wato a Littafin Waƙoƙi, kundin da ake rerawa daga cikinsa ranar Lahadi a majami'u irin su ECWA, wadda ta fito daga mishan ɗin SIM a 1954. Galibin abin da ke ciki fassara ce ta waƙoƙin majami'un Ingila da Amurka, an zuba kalmomin Hausa a kan muryar da aka tsara wa Turanci. To, karin waƙar Turanci ƙirgen gaɓa ne da ƙarfin furuci. Hausa kuwa harshe ne na karin sauti da tsawon wasali, kuma karin rubutacciyar waƙarta a kan gaɓa mai nauyi da marar nauyi ya ginu. Idan muryar aro ta ja gaɓar farko ta “gari”, an tashi daga birni an faɗa cikin kwanon tuwo. Idan ta sauke ƙarshen “kuka”, mai hawaye ya koma itaciyar miya. Mai rerawa ya san abin da ake nufi don yana duba takarda, amma tsohuwar da ke saurare daga bayan majami'a sai ta yi ta laluben ma'ana.

Adalci dai a faɗa, masu fassarar nan sun yi aikin da ba ƙarami ba, kuma tsofaffi da yawa sun girma da waɗannan waƙoƙi, da su aka ɗaura musu aure, da su aka binne iyayensu. Ba wanda zai raba su da littafin. Sai dai rigar aro ce, ko ta yi kyau ba ta rufe katara.

Inda na ga waƙar ta sami gidanta shi ne a bakin Zumuntar Mata. Jagora ta ba da waƙa, sauran su amsa, tulu yana ba da amo daga ƙasa, gora tana caccakawa, tafi yana riƙe da kari. A nan kalma ce ke jan murya, don haka karin sautin Hausa yana nan yadda yake. Layukan gajeru ne, hotunan kuma na gida ne: gona da damina, rijiya da guga, maraya da baƙo. Sukan ɗauki labarin Yusufu ko na Ayuba su warware shi ɗiya bayan ɗiya, kamar yadda makaɗan baka ke yi. Abin mamaki, waɗannan mata da yawansu ba su yi nisa a boko ba, su ne suka fi kusa da tsarin Zabura.

Wannan ba ya nufin komai ya yi daidai. Waƙoƙin situdiyo da matasa ke fitarwa da Hausa suna da daɗin kiɗa, amma sau da yawa kalma uku ce ake juyawa har minti shida, kuma jigon bai wuce godiya ba. Zabura kuwa, wajen kashi ɗaya cikin uku nata kuka ne da kai ƙara ga Ubangiji, mawaƙi yana tambaya, yana jiran amsa. Al'ummar da 'yan bindiga suka hana noma, wadda ta ga an kwashe ɗaliban Ƙanƙara a Disambar 2020, tana bukatar mawaƙin da zai iya sa hawaye cikin yabo.

Kirana ga 'yan ƙungiya, musamman masu tasowa, shi ne a tashi a tattara. Yawancin waƙoƙin matan nan a ka suke, kuma duk ƙauyen da ya watse yakan watse da nasa. A ɗauki murya da izinin masu ita, a rubuta da sunan wadda ta ƙaga da garinsu, sannan a ɗora su a ma'aunin da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka, a duba turke da salo da zubi. Wanda kuma ke da baiwar waƙa cikin masu wannan sujada, ya fara da kalmar Hausa, ya bar murya ta biyo ta. Allah ya sa mu dace.