Jadawalin sakamakon besbol da wasan Harvey Haddix na 1959

Daga cikin al'adun rubutu da aikin jarida ya haifar a Amurka, kaɗan ne suka yi ƙarko irin na jadawalin sakamakon besbol, wato ɗan teburin alƙaluma da ake bugawa bayan kowane wasa, mai nuna sau nawa ɗan wasa ya tsaya bugu, sau nawa ya dace, da makin da aka ci a kowane zagaye. Ana jingina tsarinsa ga Henry Chadwick, ɗan jarida haifaffen Ingila da ya fara da rahoton wasan kurket, wanda ya buga irin wannan jadawali a jaridar New York Clipper a 1859. Masu karatu sun saba ɗaukarsa a matsayin shaidar da ba ta son kai, alhali kuwa hukuncin mutane ne ke cike gurabensa masu muhimmanci, kamar yadda wasan 26 ga Mayu, 1959 tsakanin Pittsburgh Pirates da Milwaukee Braves ya nuna ƙarara.

A ƙa'ida wasa zagaye tara ne, kowace ƙungiya tana bugu har sai an fitar mata da mutum uku, idan kuma aka yi kunnen doki sai a ƙara. A daren nan Harvey Haddix, mai jifan Pirates, ya fitar da mutum 36 a jere cikin zagaye 12 ba tare da ko ɗaya ya taka zangon farko ba, sai dai abokan wasansa sun kasa cin ko maki ɗaya, duk da bugu 12 da suka dace da shi a hannun Lew Burdette, mai jifan Braves. A zagaye na 13 Don Hoak na Pirates ya yi mummunan jifa, Félix Mantilla na Braves ya isa zango, aka ba Hank Aaron hanya da gangan, sannan Joe Adcock ya tsallakar da ƙwallo bayan shinge. Da Mantilla ya ci maki, Aaron ya ɗauka wasa ya ƙare ya bar layin gudu, Adcock ya wuce shi, dokar wasa kuwa ta haramta hakan. Alƙalan fili suka ce 2 da 0 ne, amma shugaban gasar National League, Warren Giles, ya mayar da shi 1 da 0, bugun Adcock kuma ya koma na zango biyu.

A nan ne jadawalin ya yi tufka da warwara. Saboda an rubuta jifan Hoak a gurbin kuskure, wato sakacin mai tsaron fili, makin bai shiga cikin waɗanda ake ɗora wa mai jifa ba, amma a layi guda aka rubuta wa Haddix rashin nasara, aka ba Burdette nasara. Gurbin nasara da faɗuwar mai jifa shi ne mafi rauni a wannan al'ada, domin yana ɗora wa mutum ɗaya alhakin abin da mutum tara suka aikata, kuma abin takaici ne a ce shi idon mai karatu ke fara nema.

A 1991 wani kwamitin hukumar besbol ya sake fassara wasan da ba a dace da bugu ba, ya shardanta cewa sai an kammala shi haka har ƙarshe, wanda hakan ya cire sunan Haddix daga jerin masu irin wannan wasa, shekara uku kafin rasuwarsa a 1994.