Faranti Kamar Faifai, Abinci Kamar Na Majinyaci

Duk wanda ke zuwa Abuja ko Kaduna ko Jos saro kaya ya san gidajen abincin nan na manya, masu sanyin na'ura da ma'aikata cikin riga iri ɗaya, inda ake miƙo maka takardar jerin abinci ka zaɓa. A da, labarinsu kawai muke ji. Yanzu salon ya fara sauka nan Kafanchan, a otal-otal da zaurukan biki. 'Ya'yanmu da ke karatu a reshen Jami'ar Jihar Kaduna da Kwalejin Ilimi ta Gidan Waya suna kai abokansu, angwaye suna kai amare, 'yan kasuwa suna kai baƙinsu. Tunda abin ya shigo gida, ya kamata mu ɗora shi a sikeli.

Ƙorafin da aka fi yi shi ne abincin ya yi kaɗan. A kawo faranti mai faɗin faifai, shinkafa a tsakiya kamar an kife kofin shayi, tsoka ɗaya a gefe, an ɗiga miya kamar ana tsoron ta ƙare. Ni dai ba ƙanƙantar abincin ce ta dame ni ba, ba kuma tsadarsa ba. Abin da ya dame ni shi ne a sayar wa mutum abin da bai san awonsa ba sai bayan ciniki ya faɗa.

Bari mu fara yi wa masu abin adalci, mu ga inda ya samo asali. Gidan abinci irin wannan, mai takardar zaɓi da teburin kowa daban, a birnin Paris na Faransa ya kafu a ƙarshen ƙarni na 18. A ƙarni na 19 manyan Turai suka ɗauki salon da suka jingina wa Rashawa, na kawo abinci kala bayan kala, maimakon a jere komai a tebur lokaci guda. A shekarun 1970 kuma wasu masu dafuwa na Faransa suka rage maiƙo, suka rage yawa, suka mai da hankali ga ɗanɗano da kyan gani. Har akwai kamfanin tayar mota, Michelin, wanda tun 1900 yake buga littafin jagora ga matafiya, daga 1926 ya fara ba gidajen abinci tauraro. To a irin waɗannan wurare, ɗan abincin da ka gani a faranti zango ɗaya ne a cikin tafiya. Za a kawo abin buɗe baki, a kawo romo, a kawo kifi, a kawo nama, a rufe da kayan zaƙi, wani lokaci kala bakwai ko fiye, a shafe awa biyu ko uku a zaune. In an haɗa duka, mutum ya ƙoshi.

Masu kwaikwayo a wajenmu sai suka ɗauko ƙaramin awon, suka bar sauran zangunan a can. Faranti ɗaya ne za a kawo maka, da awon mai jiran kala shida a bayansa, amma da kuɗin cikakken abinci. Wannan kamar mutum ne ya ga ana sayar da turmin atamfa yadi shida, ya yanko yadi ɗaya ya ce a biya shi kuɗin turmi, wai ai zanen iri ɗaya ne.

Ku dubi yadda iyayenmu suka tsara nasu. Garin nan jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da ya zama mahaɗar layin dogo a 1927, kuma da yawa daga cikin kakanninmu dogon suka biyo. Matafiyi ya sauka tasha da yunwa, ya tsaya gaban mai abinci ya ce a zuba masa na kaza. Yana kallon ludayin, yana ƙirga malmalar tuwo, yana nuna tsokar da yake so. Masa a ƙirge take, tsire a tsinke yake, ƙosai ma haka. In kaya sun yi tsada malmala ta ragu, da idonsa zai gani kafin ya sa hannu a aljihu, yana iya cewa a ƙara ko a bari. Har gyara ana yi masa. Mai abincin tasha ba ta da na'urar sanyi, amma cinikinta a fili yake kamar na mai mudu a kasuwar hatsi.

Wanda ya ɗan zauna gaban malamai ya san cewa daga sharuɗɗan ciniki akwai sanin abin da ake saya da sanin kuɗinsa, kuma an hana cinikin garari. Ba ina cewa cin abinci a waɗannan wurare haramun ba ne, a'a. Malamai sun yi sassauci a kan rashin sani ɗan kaɗan da kuma abin da al'ada ta riga ta daidaita. Amma fa a nan al'adar ba ta daidaita ba tukuna. Abin da wannan gida ke kira faranti ɗaya, a gidan da ke kusa da shi rabin faranti ne. Gyaran kuwa ba wuya: a rubuta a takarda tsoka nawa ce, abincin na mutum ɗaya ne ko na biyu, da nama aka yi kuɗin ko sai an saye shi daban. Gidan da ya yi haka ya fita haƙƙi, ko da cokali uku yake zubawa.

Sai maganar takardar kuɗi. Tun watan Fabrairun 2020 harajin VAT a Najeriya kashi 7.5 cikin ɗari ne, manyan gidaje da yawa kuma suna ɗora kuɗin hidima, kashi 5 ko 10. A ce an rubuta naira 10,000 a gaban abinci. Da haraji 750 da hidima 1,000, abin ya koma 11,750, ba a yi maganar ruwa ba. Mutum huɗu in sun zauna, abin da aka ɗora musu kaɗai ya kai 7,000. Mafi ƙarancin albashi da Gwamnatin Tarayya ta sa hannu a kai a 2024 naira 70,000 ne, ku yi lissafin da kanku. Na san dizal da haya da albashin ma'aikata ba kyauta ba ne, musamman tun cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Ni ma ɗan kasuwa ne, ba na jayayya da riba. Amma a rubuta ƙarin da manyan baƙi inda ido zai gani, ba can ƙasan takarda da rubutu kamar ƙafar tururuwa ba.

To mu kuma masu shiga, muna da namu laifin, kuma sunansa kunya inda ba wurinta ba. Mutumin da zai shafe rabin awa yana taya buhun masara a kasuwa, da ya shiga wurin da aka shimfiɗa farin ƙyalle a tebur sai bakinsa ya mutu. Tambaya ba ƙauyanci ba ce. Ka kira mai hidima ka ce, ɗana, wannan mene ne, yaya yawansa, zai ishi mutum ɗaya? A Turai ɗin ma haka ake yi, aikinsa ke nan. Kuma ka tambayi abin da aka sa a ciki. A girkin Turawa akwai miyar da ake haɗawa da giya, akwai abincin da ake sa naman alade. Mu nan muna zaune da maƙwabta waɗanda abincinsu ya bambanta da namu, kowa ya san kasuwar aladu ta Katsit da ke ci ranar Alhamis. Wannan sana'arsu ce, mu kuma muna da iyakarmu. Ka yi tambayarka da murmushi, ba da yatsine fuska ba, sai a zauna lafiya.

In kai ka gayyato baƙo, kai za ka biya, kuma kai za ka sauƙaƙa masa. Ka nuna masa kala biyu ko uku ka ce waɗannan suna da kyau, don ya gane inda aljihunka ya tsaya. In kai ne baƙon, kada ka miƙa yatsa kan mafi tsada, kada kuma ka yi odar na tafiya da shi gida a kan kuɗin wani. Samarin da suka haɗu su biyar su yanke tun a waje wa zai biya, ko kowa nasa, kafin takarda ta zo kowa ya hau danna waya. Abota da yawa ta yi tsami a kan wannan.

Cokali mai yatsu kuwa, Bature a hagu yake riƙe shi. Kai ka yanka namanka, ka ajiye wuƙa, ka mai da cokalin dama ka ci. Amurkawa ma haka suke yi, ba wanda ya kore su. In tuwo ne, ka nemi ruwan wanke hannu. Mai hidima kuma ɗan wani ne, watakila ɗan maƙwabcinka daga Kagoro ko Zonkwa da ke neman kuɗin makaranta. Ba a kiransa da tsaki ko tafi. In ya kyautata, ka ba shi tukuici a hannunsa. Abin da ya rage a faranti ka ce a ƙunshe maka, kuɗinka ne, zubar da shi kuma almubazzaranci ne. In abinci bai yi maka ba, ka bar shi ba tare da kushe ba, wannan ita ce ɗabi'ar Manzon Allah (SAW) kamar yadda Bukhari da Muslim suka ruwaito. Amma in an tauye maka awo, ka nemi manaja ka faɗa masa a hankali. Kushe abinci daban, neman haƙƙi daban.

Akwai abin koyo a wajensu, kada mu ƙi gaskiya. Tsafta, da farashi a rubuce, da cin abinci a natse. Ƙaramin awon ma, ga masu ciwon sukari da hawan jini da suka yi yawa a cikinmu, ya fi malmala huɗu da dare. Duk wanda ya karanta babin ci da sha a Risala ya san an raba ciki uku ne tsakanin abinci da ruwa da numfashi. Sai dai mutum ya rage ci da zaɓinsa, ba a rage masa a karɓi kuɗin ƙoshi ba.

Wani abin takaici, takardun nan cike suke da sunayen taliyar Italiya da shinkafar Sin, ba ka ganin acha, alhali a ƙasar acha da citta muke. Wani mai dafuwa ɗan Senegal, Pierre Thiam, ya yi suna a birnin New York da wannan achar da muke rainawa. Wanda ke son gidansa ya yi fice a Kafanchan, ya gyara gwaten acha da tuwonta, ya sa cittar Kachia a abin sha, baƙin Abuja da kansu za su nemo shi.

Inda na fi jin tsoro shi ne walima. An fara ba masu kwangilar abinci aiki a kan faranti a ƙirge, da katin shiga. Dattijo ya taso daga Jagindi ko Godogodo, a ajiye masa abin da ba zai riƙe yaro ba, maƙwabci da almajiri kuma suna bayan ƙofa. Wanda ke da hali ya yi zaurensa, ba a hana shi ba, amma ya ɗora tukunya a gida, a fito da tire a ƙofar gida yadda aka saba. Hadisi ya yi kakkausar magana a kan walimar da ake kiran mawadata a bar talakawa. Masu aurar da 'ya'ya a bana, a sa wannan a lissafi tun kafin a biya kuɗin zaure.

Allah ya sa albarka a abincinmu da kasuwancinmu, ya zaunar da garinmu lafiya.