Fentin Mota Iri Biyu da Hukuncin Ranar Kartum

Duk wanda ya zaga unguwannin masana'antu na Kartum da Bahri da Umdurman, inda masu gyaran bodi da masu feshi suke jere da rumfunansu, zai tarar da mazhabobi biyu a sha'anin fentin mota, kowace da ma'abotanta da hujjojinta. Ta farko ita ce fenti mai hawa ɗaya, wanda launi da sheƙi da kariya duk suke cuɗe cikin ruwa guda. Ta biyu kuwa fenti mai hawa biyu, wanda ake fara shimfiɗa launi tukuna, sa'an nan a lulluɓe shi da wani rufi garau marar launi, shi ne mai ɗaukar sheƙin, shi ne kuma garkuwa.

Mai hawa ɗaya shi ne na dauri. Tun da kamfanin DuPont na Amurka ya fito da fentin Duco mai saurin bushewa, aka soma fesa wa motocin General Motors a wajejen 1924, a kan wannan tafarki aka yi ta tafiya shekaru masu yawa, ana sauya sinadarai amma asali bai sāke ba. Da irinsa aka ƙawata manyan motocin Bedford da maƙeran Sudan suka sāke wa siffa suka kira Sifinja, da tsofaffin tasi masu ruwan ɗorawa da birnin ya shahara da su. Mai hawa biyu bai game duniya ba sai a shekarun 1980, kuma a yau galibin motocin da ake shigowa da su daga Japan da Koriya da ƙasashen Larabawa irinsa suke sanye da shi.

Amma alƙalin wannan mas'ala shi ne yanayin ƙasa. A watannin Mayu da Yuni zafin Kartum yakan haura digiri 40, ga kuma habub, guguwar ƙurar nan da takan taso kamar bango ta rufe birni, ta bar rairayi mai kaifi a kan kowane abu. Fenti mai hawa ɗaya, idan rana ta daɗe tana dukansa, sai fuskarsa ta ƙone ta yi fari-fari tana barin gari a tafin hannu, musamman ja. Sai dai da yake launin ya ratsa shi tun daga sama har ƙasa, idan gwani ya sa man goge fenti ya kankare abin da ya mutu, sai sabo ya bayyana, kuma ana iya maimaita haka muddin kaurinsa bai ƙare ba. Mai hawa biyu ya fi shi jimiri da ƙyalli nesa ba kusa ba, domin a cikin rufinsa akwai sinadarai masu tare hasken rana mai ƙuna. Illarsa ita ce rufin nan bai kai kaurin gashin kai ba, kuma ranar da ya gaza, sai ya yi hazo, ya tsattsage, ya dinga saɓulewa daga saman mota da murfin inji, alhali babu wani magani da ya rage face a kankare a sāke feshi. Mutane da yawa da suka komo gida bayan yaƙin da ya ɓarke a Sudan a ranar 15 ga Afrilu, 2023, sun ga wannan bambanci ƙuru-ƙuru a jikin motocin da suka yi watanni a yashe cikin rana.

Saboda haka wajibi ne mai mota ya fara sanin wane iri ne nasa kafin ya taɓa shi, kuma gwajin mai sauƙi ne: a ɗiga man goge fenti a farin ƙyalle a murza wani lungu da ido ba ya kaiwa, in launi ya biyo ƙyallen, hawa ɗaya ne, in kuwa ya fito fes, akwai rufi. Bayan haka ladubban kulawa kusan ɗaya ne. Kada a share ƙurar habub da busasshen tsumma, domin wannan daidai yake da gugar samfefa. A kwarara ruwa tukuna. Kada a wanke da garin sabulun wanki, ko cikin tsakar rana, ko da ruwan Shuɗin Nilu a lokacin ambaliya sa'ad da yake ɗauke da laka. A gaggauta wanke kashin tsuntsu, a nemi inuwa, a riƙa shafa kakin mota lokaci-lokaci. Sai dai mai hawa ɗaya yana bukatar guga akai-akai, mai hawa biyu kuwa yawan guga da inji shi ne ajalinsa, tun da kowace guga tana rage masa garkuwa.

Akwai kuma haƙƙi a wuyan mai feshi: ya faɗa wa mai mota gaskiyar abin da ya fesa, kada ya tsinka rufi don ribar yini guda, kuma ya tanadar wa yaransa abin rufe hanci na ƙwarai, domin sinadarin da ake gauraya wa fentin zamani don ya daskare yana cutar da huhu.

Hukuncinmu shi ne, motar haya da ta kaya, wadda take wuni a rana kuma take yawan gogayya, mai hawa ɗaya ya fi dacewa da ita, saboda araha da sauƙin faci. Wanda kuwa yake da rumfar ajiya da halin kulawa, mai hawa biyu zai fi yi masa daɗewa da kyau.