Besbol na cinye hannayen matasa

A wasan besbol na Amurka akwai ɗan wasan da aikinsa zaman jira ne a gefen fili. Sai mai jifan farko ya gaji, ko wasa ya zo gangara, sannan a kira shi ya karɓi ƙwallo. Yadda ƙungiyoyi ke sarrafa irin waɗannan 'yan wasa a yanzu yana damuna ƙwarai.

Ɗaya daga cikin irin waɗannan 'yan wasa shi ne Mariano Rivera, ɗan masunci daga Puerto Caimito a ƙasar Panama, wanda ya buga wa New York Yankees daga 1995 zuwa 2013. Sau 652 yana rufe wasan da ƙungiyarsa ke kan gaba ba tare da an ƙwace ba. Kusan jifa iri ɗaya ya rayu a kai: ƙwallo ta taho kamar za ta miƙe, daf da isowa ta karkace ta nufi hannun bahagon mai bugu, ta sami sandar a siririn wuyanta, sai ka ga itace ya tarwatse. Kowa ya san abin da ke tafe, amma an rasa maganinsa, domin saiti ne da natsuwa. A 2019 duk masu ƙuri'a 425 suka zaɓe shi cikin gwarazan wasan, abin da ba a taɓa yi wa kowa ba.

Yanzu gudun ƙwallo ake nema, mil 100 a awa. Koci ya jera masu jifa biyar ko shida a wasa guda, kowa ya zazzage ƙarfinsa a zagaye ɗaya ya koma benci. Dabarar tana cin wasa, ban musa ba. Sai dai jijiyar gwiwar hannu ba a halicce ta don wannan azaba ba. In ta tsinke sai tiyatar Tommy John, wadda likita Frank Jobe ya fara a 1974, da jinyar sama da shekara. Kafin yaro ya warke an kawo wani daga ƙananan gasa, shi ma a matse shi.

Dokar 2020 da ta tilasta mai jifa ya fuskanci aƙalla masu bugu uku, ko ya kai ƙarshen zagayen, kafin a canja shi, saurin wasa ta duba. Ni a ganina a rage masu jifa 13 da ake bari ƙungiya ta riƙe. Kocin da ba shi da hannayen da zai yi ta sauyawa dole ya koya wa yaransa saiti, ya kuma tattala su.