Sandar da ta San Lokaci: Sharhi kan «Gnomon» a Littafin Michel Serres

Akwai kalmomin da ɗalibi kan haɗiye a aji ba tare da ya tauna ba, ya amayar da su ran jarrabawa. «Gnomon» tana cikinsu. A 1993 masanin falsafa na Faransa, Michel Serres, wanda ya rasu a 2019, ya wallafa Les Origines de la géométrie, inda ya ɗora babban kaso na hujjarsa a kan wannan kalma. Littafin ya cancanci a karanta shi a Arewa, ya kuma cancanci a ja da shi.

Asalin kalmar daga fi'ilin Girkanci ne mai ma'anar «sani», don haka gnomon na nufin masani, ko mai rarrabewa. Da farko suna ne na sandar da ake kafawa tsaye a fili domin inuwarta ta nuna lokaci. Herodot ya shaida cewa daga mutanen Babila Girkawa suka koyo ta, tare da raba yini kashi 12. Daga nan sunan ya koma kan ma'aunin kusurwa na magina, mai siffar harafin L. Sai almajiran Fitagoras suka shigar da shi ƙidaya: a ajiye tsakuwa 1, a kewaye ta ta gefe biyu da 3, an sami murabba'i mai 4, a ƙara 5, ya zama 9, a ƙara 7, ya zama 16. Kowane ƙari gnomon ne. Uklidis ya ba shi ta'arifi a littafi na biyu na Ginshiƙansa, Heron na Iskandariyya kuma ya faɗaɗa shi: duk abin da aka ƙara wa siffa ta girma ba tare da kamanninta sun sāke ba.

Ƙarfin Serres yana wurin da ya ɗauki ma'anar farko da gaske. A ganinsa, sandar ce ta fara sani: rana na rubutu a ƙasa, mutum karatu kawai yake yi. Da haka yake fassara labarin Tales, wanda aka ce ya auna tsawon dalar Masar ta jiran sa'ar da inuwar mutum ke daidai da tsayinsa. Wannan tunani ya sauko da lissafi daga allo ya mai da shi tsakar gida.

Sai dai littafin yana da rauni biyu. Na farko salo: jimlolin Serres kan yi nisan kiwo, azanci ya danne bayani, har ɗan aji na ƙarshe a sakandare ya ɓace kafin ya iso ga hujja. Na biyu ya fi nauyi. Take ya yi alkawarin asali da yawa, amma zuciyar labarin ba ta bar Girka ba. Mai karatu a Dogon Dutsi ko Tibiri yana iya rufe littafin da zaton ilimin inuwa baƙo ne a wurinsa, alhali a makarantar zaure ya fara cin karo da shi. Risalar Ibn Abi Zaid na Ƙairawan, wanda ya rasu a 996, da inuwa take iyakance lokacin salla: azahar na shiga idan inuwa ta fara ƙaruwa bayan zawali, la'asar kuma idan inuwar abu ta kai tsayinsa, ban da inuwar da ta rage a tsakar rana. Ma'aunin Tales ke nan, ana aiki da shi kullum. Kafin agogo ya yawaita, ladan kan auna inuwarsa da taki, a kan ƙa'idar cewa tsayin mutum ƙafarsa bakwai ne. Shi kansa ne gnomon.

Inuwar Arewa ma ba irin ta Atina ba ce. A Atina inuwar tsakar rana kullum arewa take fuskanta, a Disamba kuma ta kusa ninka tsayin sanda. Dogon Dutsi yana kusa da digiri 13 da rabi arewa da layin da ya raba duniya biyu, don haka sau biyu a shekara, ƙarshen Afrilu da tsakiyar Agusta, rana kan tsaya bisa kai, sanda ta rasa inuwa. Tsakanin waɗannan ranaku inuwar kudu take juyawa. Wajen 21 ga Disamba kuwa, sanda mai kamu 4 na ba da inuwa mai kusan kamu 3, daga kan sanda zuwa bakin inuwa kamu 5: alwatikar nan ta 3, 4, 5 da ake haddacewa a darasin Fitagoras, a shimfiɗe kan rairayin Dallol Mawri. Malamin da ya kwafo zanen littafin Turai bai duba ba, zai koyar da abin da filin makarantarsa ke ƙaryatawa.

Batun ya wuce sha'awar masu bin salsalar kalmomi. A 2025 Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki, ga kuma makarantun gwaji masu koyarwa da harsunan gida tun 1973. Dole a raɗa wa irin waɗannan kalmomi suna. Aron «gnomon» yadda take zai bar ta kurma kamar dā. «Manuni» ya dace da sandar rana amma bai kama tsakuwoyin Fitagoras ba; «kusurwa» ta kama su ta saki sanda. Girkawa da kalmar yau da kullum suka yi aiki, suka bar ta ta tara ma'ana, kuma Hausa na da kwatankwacinta: «masaniya», wadda ke nufin sani, take kuma iya zama sunan mai sanin. Masu tsara ƙamus su gwada ta a aji, da sanda da tsakuwa, kafin su buga ta a littafi.